Layin da aka ja mana daga Landan da Faris

Jawabin shugaban matasa a zaman haɗin gwiwar matasan Gwandu da Kalgo



Iyayenmu dattawa da kuka daure kuka zauna da mu, iyayenmu mata, shugabannin mazaɓu, 'yan uwana matasa na Gwandu da na Kalgo, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana kan ja-in-jar manyan ƙasashe a wannan yanki namu na bakin iyaka. Na san akwai mai cewa a ransa, shugaba, mu da ke neman kuɗin taki da na man injin ban ruwa, ina ruwanmu da rigimar Faransa da Rasha? Mutanen Kalgo su za su amsa maka. Hanyar da ta rabu daga mararrabarsu ita ce ta bi Bunza ta faɗa Kamba, daga Kamba sai Gaya a Nijar. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka tsare Bazoum a Yamai, ranar 30 ga wata ECOWAS ta zauna a Abuja ta ce a rufe iyaka. Ba wanda ya tambayi direban da ke lodin albasa, ko mai shayin bakin tasha, ko matar da ke suyar ƙosai saboda matafiya. Wata bakwai da 'yan kwanaki aka yi, sai a Maris ɗin 2024 aka ce an buɗe ta ɓangarenmu. To wanga abu ba yau anka fara yi muna shi ba, kuma gidan da anka fara yi ma shi shi ne Gwandu.

Ku tuna abin da Gwandu take. A 1812 da Shehu Usmanu ya raba aikin kula da ƙasa, yamma ya damƙa a hannun ƙanensa Malam Abdullahi, Allah ya ƙara musu yarda. Bida da Ilori a kudu Gwandu suke duba. Haka Sayi da Torodi, can gefen Yamai cikin Nijar ta yau. Haka Dori a ƙasar Liptako, wadda yanzu take cikin Burkina Faso. Ku riƙe sunan Liptako, zan komo kansa. Ko Bajamushen nan Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, da ya zo a 1853 zamanin Sarki Halilu, a garin Gwandu ya samu littafin Tarikhus Sudan ya zauna yana kwafa. Da kuɗin gwamnatin Ingila ya yi tafiyar, kuma abin da ya rubuta shi Turawan baya suka riƙa dubawa suna shata taswira.

A farkon 1885 Turawa suka tashi daga taron Balin da fahimtar cewa duk mai son wuri a Afirka sai ya nuna hujja. Sai tsere ya tashi. Jamus ta turo wani mai suna Flegel ya nemi yarjejeniya da Sakkwato da Gwandu. Goldie, mai kamfanin Ingilishi da ke ciniki a kogin Kwara, ya ji labari, ya turo Joseph Thomson ya riga shi. Thomson ya koma da takardu biyu, ɗaya daga Sarkin Musulmi Umaru, ɗaya daga Sarkin Gwandu Maliki. A fahimtar sarakunanmu, baƙi ne 'yan kasuwa suka nemi izinin ciniki, za su riƙa kawo gaisuwa duk shekara. A takardar da aka kai Landan kuwa cewa aka yi an sallama wa kamfani gaɓar kogi dama da hagu. Bayan shekara 10, a 1895, Jamusawa suka sake ɓullowa daga Togo ƙarƙashin wani Gruner, suka iso har Gwandu, su ma suka koma gida suna cewa Gwandu ta shiga hannunsu. Gari ɗaya, ƙasashe biyu na Turai kowa na kaɗa takarda yana cewa nasa ne, mutanen garin kuwa suna ta nomansu ba su san an sayar da su ba.

Layi na farko an ja shi ranar 5 ga Agustan 1890. Ingila da Faransa suka ce daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, arewa ta Faransa, kudu ta kamfanin Ingilishi, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa kudu. Me ya kawo maganar? Ba mu ba ne. Ingila ce ke son Faransa ta ƙyale mata Zanzibar, ita kuma Faransa tana son Madagaska. Mu gyara aka yi da mu, irin wadda mai awo ke ƙara maka bayan an gama ciniki. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbury, da bakinsa ya yi wa abin ba'a, yana cewa sun yi ta yi wa juna kyautar duwatsu da koguna alhali ba su ma san takamaiman inda suke ba.

Nan ne wurin da nake so mu natsu, don akwai darasin da ya shafe mu kai tsaye. A 1891 Faransa ta turo hafsanta Monteil ya bi layin nan da ƙafa. Ya ratsa Sayi, ya shiga Argungu, ya wuce Sakkwato. Abin da ya gani shi ne Kabawa da Zabarmawa da Dandawa da Arawa sun daɗe suna yaƙi da Gwandu, tun tashin Yakubu Nabame a 1849, har hanyar da ke haɗa Gwandu da ƙasashenta na yamma ta zama sai da dabara. Ba na tsaya nan ba ne don in ce wane ne da gaskiya tsakanin kakanninmu. Yau jiha ɗaya muke, mun auri juna, mun haifi juna. Amma ku dubi abin da baƙo ya yi da rigimar. Faransa ta ɗauke ta ta kai teburin ciniki, ta ce ai ga shi ikon Sakkwato da Gwandu bai kai inda Ingila ke faɗi ba, don haka layin 1890 sai an sake shi. Ita kuma Ingila daga baya ta sami wurin ajiye sojojinta a Argungu kafin ta fuskanci Sakkwato. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan abu ya zafafa. A 1894 Lugga da wani Bafaranshe Decoeur suka yi tseren isa Nikki a ƙasar Bargu. A farkon 1897 sojojin kamfani suka ci Bida, suka wuce suka ci Ilori, duka biyu 'ya'yan Gwandu. A shekarar ce kuma sojojin Faransa suka kafa tuta a Illo da Busa. A Landan an samu sabon ministan mulkin mallaka, Chamberlain, wanda ba ya jin lallashi irin na Salisbury. Shi ya sa aka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma aka ɗora Lugga a kanta. Tutar Ingila a wannan ƙauye, tutar Faransa a na gaba, bindiga na kallon bindiga. Kuma masu riƙe da bindigogin nan, yawancinsu baƙaƙen fata ne, a ɓangaren Ingila ma Hausawa sun yi yawa. Da an yi yaƙin, gawar namu za a fi kwasa.

Ba a yi ba. Ranar 14 ga Yunin 1898 suka zauna a Faris suka raba. Illo da Busa na Ingila, Nikki ta Faransa. Aka ce a auna mil 10 sama da Giri, mashigin jirgin ruwan Illo, nan iyaka za ta taɓa Kwara. Daga can ta bi Dallol Mawuri, sannan, ku ji ikon Allah, aka kafa tsinin alƙalami a tsakiyar birnin Sakkwato a kan taswira, aka zagaya da'ira mai nisan mil 100. Abin da ya faɗa ciki na Ingila, na waje na Faransa. Sayi da Torodi da Dori suka tafi ke nan. Babu mutumin Gwandu ko ɗaya a ɗakin, ko tafinta.

Wani zai ce to ai waɗanda suka faɗa cikin da'irar sun samu kariya. Ku tambayi Birnin Ƙonni. A takarda tana ɓangaren Ingila. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta biyo ta nan, ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, ta iso Ƙonni ta ƙone ta, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Ba sojan Ingila ko ɗaya da ya zo ceto. Takardar tana hana Faransa mallakar Ƙonni ne, ba ta hana ta kashe mutanen Ƙonni ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na 1904. Faransa ta gane hanyar da da'irar ta bar mata daga Kwara zuwa Damagaram duk tudu ce ba rijiya. Tana son hanya mai ruwa. A daidai lokacin kuma Jamus ta yi ƙarfi a Turai, tsoro ya kama Ingila da Faransa, sai maƙiyan jiya suka ga gara su shirya. Ranar 8 ga Afrilun 1904 suka sa hannu. Faransa ta bar wa Ingila Masar, Ingila ta bar wa Faransa Maroko. Sannan akwai wani tsibiri can gefen Kanada, Niyufanlan, inda masuntan Faransa ke da tsohon haƙƙin shanya kifi a gaɓarsa. Faransa ta ce ta haƙura da shi, amma a biya ta. Cikin abin da aka biya ta har da janyo iyakarmu zuwa kudu. Da haka Ƙonni da Maraɗi suka koma hannun Faransa, aka ƙara daidaita layin a 1906, aka bi ana kafa ginshiƙai fiye da 100 tun daga bakin Kwara har tafkin Chadi. Wato ɗan uwanka na Ƙonni yana karatun boko da Faransanci, kai kana yi da Ingilishi, saboda wurin shanya kifi a ƙasar da ko a mafarki kakanninmu ba su taɓa gani ba. Cikin shekara 16 sau huɗu ana taɓa layin nan.

A tsakanin nan Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903. Turawa suka raba Gwandu da Bida da Ilori, kowane sarki ya koma ƙarƙashin Razdan. A 1906 da aka yi tashin Satiru, wanda ɗaya daga cikin jagororinsa Ɗan Makaho daga ɓangaren Faransa ya tsallako, aka sauke Sarkin Gwandu na lokacin bisa zargin yana da hannu. Ko a 1940 da Jamus ta ci Faransa, masu mulkin Nijar suka bi gwamnatin da ke ɗasawa da Hitila, sai iyakar nan ta koma ta abokan gaba har zuwa ƙarshen 1942. Ba mu yi faɗa da kowa ba, a Turai aka ɓata, a Kamba aka ji a jika.

Yanzu mu dawo yau. Na ce ku riƙe sunan Liptako. Ranar 16 ga Satumban 2023 da Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla ƙawancensu, sunan da suka ba takardar shi ne yarjejeniyar Liptako-Gurma. Ƙasar da a da take aiko gaisuwa Gwandu, ita ce yau filin da manyan ƙasashe ke gwada ƙwanji. Faransa, wadda ta fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, ta kwashe sojojinta daga Nijar a Disamban 2023. Masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024. Amurka da ta kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ta tattara ta fita kafin ƙarshen Satumban 2024. Chana kuma tata hanyar daban, ba ta cika surutu ba. Kamfaninta ya shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2000 daga Agadem zuwa bakin teku a Benin, kuma ta wajen Gaya yake tsallake Kwara, nan bayan gidanmu. Ranar 29 ga Janairun 2025 ƙasashen uku suka kammala ficewa daga ECOWAS.

Har wutar lantarki sai da ta zama makami. Layin da ke kai wa Yamai wuta daga Birnin Kabi yake tashi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa kafin juyin mulki. A Agustan 2023 aka yanke. Wanda ya zauna cikin duhu ba janar ba ne, mai jego ce a asibiti da mai sayar da ƙanƙara. Kuma ku sani Nijar tana sama da mu a kogi, tana gina madatsar Kandaji. Manomin shinkafa da masunci daga Dole Kaina har Yawuri, ruwansu ta ƙasar maƙwabci yake biyowa. Mai irin wannan zama ba ya wasa da maƙwabtaka.

Ni ba na kare Faransa. Duk wanda ya san abin da aka yi a Ƙonni ba zai kare ta ba, kuma mutanen Nijar suna da dalilin fushinsu. Amma abin da nake gani a wayoyin matasanmu yana damuna. Yaro bai taɓa zuwa ko Dosso ba, ya sa hoton Putin a fuskar Facebook ɗinsa, yana zagin duk wanda ya ce a yi hankali. Wani kuma yana can yana roƙon Amurka ta zo ta kawo mana tsaro. Jama'a, kar mu gudu gara mu faɗa zago. A Mura ta ƙasar Mali, a Maris ɗin 2022, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500, kuma sojan Mali da baƙin mayaƙa fararen fata ne suka yi aikin. Wannan ai bayan an fara korar Faransa ne. Kuma kun ga abin da ya faru a zanga-zangar Agustan 2024, da yara suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna. An kama teloli, an kama yara, wasu har suka faɗi a gaban kotu a Abuja a watan Nuwamba saboda galabaita, kafin aka ba da umarnin a sake su. Ofishin jakadancin Rasha tun da wuri ya fito ya ce ba ruwansa. Iyayen yaran ne suka yi kuka, ba Mosko ba.

Sa'ilin da gwamnatocin biyu suka daina gaisawa, wa ya ci riba? Lakurawa. A Nuwamban 2024 suka shiga Mera a ƙaramar hukumar Augie suka kashe aƙalla mutum 15, Allah ya jiƙansu. Su ba su san ginshiƙin iyaka ba. In an matsa musu nan su tsallaka can, in an matsa can su dawo nan. Ba abin da ke maganinsu sai sojan Najeriya da na Nijar suna magana da juna. A Disamban 2024 kuma Janar Tchiani ya fito da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, gwamnatin Najeriya ta musanta. Ku lura da harshen da ya zaɓa. Da mu yake magana, mu ake son a jawo. Kowane ɓangare ya san cewa zuciyar mutanen bakin iyaka ita ce abin da ake tsere a kai yanzu, kamar yadda aka yi tseren takardar Sarki Maliki.

Akwai abu ɗaya da ya bambanta yau da 1898, kuma shi ne dalilin da ya sa muke siyasa. A wancan lokacin ba mu da kujera a ɗakin. Yau muna da ita in mun san amfaninta. A Agustan 2023 da ake ta kaɗa gangar yaƙi da Nijar, majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da soja, sanatocin arewa suka tsaya kai da fata. Sashe na 5 na tsarin mulki ya ce shugaban ƙasa ba ya tura soja yaƙi a wajen Najeriya sai da yardar majalisar dattawa. Kuma da ƙofar Yamai ta rufe wa jakadun ƙasashen waje, waɗanda suka samu zama da Tchiani namu ne: Sarki Sanusi, sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Harshe ɗaya da alƙibla ɗaya suka buɗe musu ƙofa.

Kar kuma mu ɗora komai a kan Turawa. A Agustan 2019 gwamnatinmu da kanta ta rufe iyakoki. Manomin shinkafa a nan Kabi ya ji daɗin farashi, ba za mu ɓoye ba, amma Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, bayan an buɗe Illela da shekara ɗaya da watanni. Wa ya tashi a majalisa ya yi ta maimaita sunan Kamba har aka gaji da shi? Ku yi wa kanku wannan tambaya.

Gwandu da Kalgo sanata ɗaya muke zaɓa, na Kabi ta Tsakiya. A majalisar wakilai Gwandu tana tare da Aliero da Jega, Kalgo tana tare da Birnin Kabi da Bunza. Ƙuri'u uku ke nan a Abuja da hannunmu ke kai wa. Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayan matasan gidan nan, ko namu ne na jiki, bayan an gama maganar taki da aikin yi, a tsayar da shi a tambaye shi a gaban jama'a: in aka sake kawo maganar yaƙi da Nijar, ina za ka tsaya? In aka ce za a kafa wa wata ƙasa sansanin soja a arewa, ko wace ce, za ka yarda a yi ba tare da an karanta takardar a majalisa kowa ya ji ba? In aka sake rufe Kamba, me za ka yi wa wanda kayansa suka ruɓe a mota? A ɗauki amsarsa da waya a ajiye, don ranar da zai ce bai faɗa ba.

Ku kuma masu kula da shafukanmu, don Allah duk bidiyon da ya zo yana zuga mu a kan Nijar, ko yana zuga mu a kan sojanmu, a bincika inda ya fito kafin a tura. Wanda ke da ɗan uwa a Gaya ko Dosso ko Dogon Dutsi, ya kira shi ya ji daga bakinsa. Sakatare, a sa tambayoyin nan uku cikin takardar da za mu kai wa dattawa a zama mai zuwa, a rubuta su da boko da ajami.